Yadda Ake Auna Ƙarfin Kwamfuta a Bayyana Makin Ba Tare da Algus Ba

Masu sha'awar harhaɗa kwamfuta suna auna ƙarfin na'urorinsu da manhajoji irin su Cinebench, 3DMark da Geekbench, waɗanda ke ɗora wa firosesa ko katin hoto wani ƙayyadadden aiki, sannan su ba da maki gwargwadon saurin da aka kammala shi. Makin ba ya da amfani ga mai karatu muddin bai san halin da aka same shi a ciki ba, kuma yawancin algus ɗin da ake yi a wannan harka ta hanyar ɓoye wancan hali ake yin sa.

Mataki na farko shi ne ka rubuta bayanin na'urar tun kafin ka fara gwaji. Manhajar CPU-Z za ta nuna maka sunan firosesa da gudunsa da gudun RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita), manhajar GPU-Z kuma za ta nuna katin hoto da lambar direbansa, wato manhajar da ke tafiyar da katin. Ka duba ko an kunna XMP ko EXPO, saitunan da ke sa RAM ya yi cikakken gudunsa, a cikin BIOS, wato shafin saitin tushe na kwamfuta, domin RAM ɗin da aka saya da alƙawarin gudu mai yawa yakan yi aiki a ƙasa da hakan idan ba a kunna su ba. Haka kuma ka rubuta zubin manhajar gwajin, saboda makin Cinebench R23 ba a ma'auni ɗaya yake da na Cinebench 2024 ba, kamar yadda na Geekbench 5 ba ya kwatantuwa da na Geekbench 6.

Na biyu shi ne zafi, kuma a nan ne ya kamata a fi tsayawa. Firosesa na zamani yana ƙara gudu da kansa idan yana da sanyi, ya kuma ja baya da zarar ya kai iyakar zafinsa, don haka na'ura ɗaya tana iya ba da maki biyu mabambanta a ɗakin da ke da na'urar sanyaya iska da kuma a shagon Kano cikin watan Afrilu. Ka buɗe manhajar HWiNFO a gefe ka ga zafin da firosesa ya kai da wutar da ya ja, ka kuma faɗi irin abin da ke sanyaya shi, fanka ce ko ruwa. Idan kwamfutar tafi-da-gidanka ce, a jona ta da wuta, domin a kan batir takan rage ƙarfi. A bikin baje kolin Computex na 2018 a Taipei, kamfanin Intel ya nuna firosesa mai ƙwaƙwalwa 28 (wato sassan da ke sarrafa aiki a cikinsa) yana gudun gigahaz 5, jama'a suka yi ta mamaki, sai daga baya aka gano cewa wata ƙatuwar na'urar sanyaya ruwa ce ke riƙe da shi, ba a kuma ambace ta a kan dandamali ba. Makin da aka nuna na gaske ne, amma babu mai samun irinsa a kan teburin gidansa. Saboda irin wannan ne ya fi kyau a bar Cinebench R23 ya yi gwajinsa na minti 10, wanda ke ba zafi damar taruwa.

Na uku, ka rufe duk manhajojin da ke aiki a bayan fage, ka maimaita gwajin aƙalla sau uku, ka ɗauki makin tsakiya. Zaɓo mafi girma daga gwaji ashirin a gabatar da shi kamar shi ne na kullum, tauye mudu ne ko da ba a taɓa lamba ɗaya ba. Idan wasan kwamfuta kake aunawa, ka haɗa da adadin hotunan da ake samu a daƙiƙa a lokacin da wasan ya fi yin nauyi, domin a nan ne mai wasa yake jin sarƙewa.

Na huɗu shi ne sanin abin da ya halatta a taɓa. Ƙara wa firosesa gudu fiye da yadda kamfani ya tsara ba laifi ba ne, har ma a dandalin gasa na HWBOT akwai masu zuba ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, sharaɗin kawai a faɗa. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne rage aikin da gwajin ya ɗora. A 2001 an gano cewa direban katin hoto na kamfanin ATI yana gane wasan Quake III ta sunan fayil ɗinsa, ya rage kyawun hoto don ya ƙara sauri, kuma da masu bincike suka sauya sunan fayil ɗin sai makin ya faɗi. Agogon kwamfuta ma abin lura ne: a 2013 HWBOT ya daina karɓar sakamako daga Windows 8, saboda rage gudun tushe na firosesa yana sa agogon ya yi jinkiri, gwajin ya ɗauka an gama da wuri. Manhajar BenchMate tana sa ido a kan lokaci don toshe wannan kafa.

Idan na'urori biyu kake kwatantawa, ka ba su RAM iri ɗaya da abin sanyayawa mai ƙarfi ɗaya. A 2018 kamfanin Principled Technologies ya gwada firosesa Core i9-9900K na Intel da Ryzen 7 2700X na kamfanin AMD bisa kwangilar Intel, alhali an kunna wani saiti da ya kashe rabin ƙwaƙwalen Ryzen ɗin, dole aka sake gwajin bayan an yi ca a kansu.

Daga ƙarshe, ka wallafa makin tare da adireshin tabbatarwa da 3DMark, Geekbench ko CPU-Z suke bayarwa, da hoton allo cikakke wanda ba a yanke gefensa ba. Idan ka ci karo da makin wani da ya zarce na masu irin na'urarsa nesa ba kusa ba, ka fara tambayarsa gudun RAM, iyakar wutar da ya saita da abin da yake sanyayawa da shi, sannan ka kwafi saitin a taka na'urar ka ga ko za ka kusanci lambarsa.