Yaro ya fara makaranta: yadda za a koyar da shi ba tare da ya tsani karatu ba

Toh abu na farko da zan roƙe ku, ko malamai ne ku ko iyaye masu zama da yaro bayan an taso, ku ɗan ajiye fensir a gefe tukuna. Na san wasu ba za su ji daɗin wannan maganar ba, don a ganin mutane da yawa in yaro ya yi sati biyu a aji bai cika shafi da rubutu ba to wai ba a koya masa komai ba kenan. Amma fa ɗan shekara biyar yatsunsa ba su gama ƙwari ba, ka danƙa masa fensir ka ce ya rubuta layi ashirin, hannu ya gaji, ya fara kuka, daga nan ya ɗauka karatu wahala ce kawai. Ku bar shi ya fara zana harafi da yatsa a kan yashi, ya murza taɓo ya yi siffar harafin, ya yanka takarda da ƙaramin almakashi, ya zura maɓallai a zare. Maria Montessori, likitar nan 'yar Italiya da ta buɗe makarantarta ta farko a Rum a 1907, haruffa take yankawa daga samfefa yara suna shafawa da yatsa suna faɗin sautin, kafin su riƙe abin rubutu hannu ya riga ya san hanya.

Sai batun haruffa, kuma nan ne na fi so ku tsaya da kyau. Ku koyar da sautin harafi kafin sunansa, kuma ba dole sai an bi jeri daga farko zuwa ƙarshe ba. Ku zaɓi guda huɗu ko biyar da za su haɗa kalma, misali a, i, m, b, k. Da waɗannan kaɗai yaro zai karanta mama, baba, kaka, baki, kai, a satin farko ma, kuma wallahi in kun ga fuskar yaro ranar da ya haɗa "ma" da "ma" da kansa ya ji ashe sunan da yake kira kullum ne, za ku gane abin da nake nufi. Ku ja sautin a hankali, mmm, aaa, ku rubuta kowane harafi a kati, ku matso da ɗaya kusa da ɗayan har su haɗe. Masu lanƙwasa irin ƙ da ɓ da ɗ ku bar su sai k da b da d sun zauna, sannan ku kawo su da kalmomi masu kama, kafa da ƙafa, kasa da ƙasa, kunnensa ya ji bambancin kafin idonsa ya gani. In yana juya b ta koma d kada hankalinku ya tashi, yara da yawa suna yi a wannan shekarun.

Wani abu da ke yaudarar mu shi ne karatun baki ɗaya, malam ya faɗa aji ya amsa da ƙarfi, ka ji daga waje ka ce lallai ana karatu, alhali na baya bakinsa kawai ke motsi. Ba na ce a daina waƙa ba, waƙa tana da amfaninta, amma bayan an gama ku kira su ɗaiɗai ku nuna harafi daga tsakiya ku tambaya. Nan za ku san wanda ya gane da wanda ya haddace.

Haka lissafi. Yaron da ke ƙirga ɗaya zuwa ɗari a baki ba lallai ya san mene ne bakwai ba. Ku zuba masa duwatsu bakwai, ya taɓa kowanne yana ƙirgawa, in ya gama ku ce "toh nawa ne duka?" In ya koma ya sake ƙirgawa daga farko, bai riga ya gane cewa lambar ƙarshe ita ce jimla ba, sai a ci gaba da wasa da abubuwa. Jean Piaget, masanin nan ɗan Switzerland da ya yi nazarin tunanin yara, ya nuna wani abu makamancin haka, a jera abu layi biyu adadinsu ɗaya, a baza layi ɗaya ya yi tsawo, sai ƙaramin yaro ya ce mai tsawon ya fi yawa. Ku gwada ku gani. Rubuta lamba ya zo daga baya, bayan hannu ya ɗauka ya ajiye ya raba.

Kuma dan Allah ku fara da yaren da yaro yake ji a gida. Tun 1953 UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, take ba da shawarar haka, dalilin ma a fili yake, yaron da ke kokawa da sabon harshe da sabon harafi lokaci guda kaya biyu aka ɗora masa. Yare na biyu ya shigo ta baki da farko, gaisuwa, waƙa, sunayen abubuwan da ke aji.

Kada zama ɗaya ya wuce minti goma zuwa sha biyar, daga nan a canza, a tashi a yi tsalle, a karanta musu labari a tsaya a tambaye su me suke ganin zai faru. Duk sabon abu ku yi shi yana kallo, sannan ku yi tare, sannan ku janye hannu ya yi shi kaɗai, in ya kuskure ku ce sake gwadawa. Bulala kam ban yarda da ita ba ko kaɗan, yaron da ke tsoro ko ya san amsa shiru zai yi. Bahago kuma a bar shi da hannunsa.

Iyaye, kukan satin farko ba wani abu ba ne, amma kada ku sulale ku gudu yana wasa, ku yi masa sallama ku faɗa masa lokacin da za ku dawo kuma ku cika alƙawari. Ku kula da barci, ɗan shekara 3 zuwa 5 yana buƙatar awa 10 zuwa 13, ɗan shekara 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12. In kuma an yi wata biyu uku kun ga yana matse ido in yana kallon allo, ko sai an kira shi sau uku kafin ya juyo, ku kai shi a duba masa ido da kunne kafin kowa ya ce masa daƙiƙi, sannan malam ya dawo da shi layin gaba.