Yadda za ka bi sawun 'yancin da ya suɓuce wa 'yantattun bayin Amurka

Na daɗe ina koyar da tarihin Amurka, kuma duk sa'ad da na tambayi ɗalibai me ya hana bayin da aka 'yanta a 1865 zama daidai da fararen fata, amsa ɗaya ce ke dawo mini: an yi cinikin siyasa a 1877, aka janye sojoji daga Kudu, shi ke nan komai ya rushe. Ba na ganin laifinsu, don ni da bakina na koya musu haka a farkon aikina. Sai daga baya na gane cewa wanda ya fara labarin daga 1877 ya iso ne bayan an riga an kai gawa makwancinta. Ga hanyar da nake bi yanzu, ko koyarwa za ka yi, ko rubutu, ko kuwa kanka kawai kake so ka fahimtar.

Samu farar takarda, ka rubuta shekaru a gefe daga 1865 zuwa 1904. A samanta ka ajiye mutum ɗaya daga cikin bayi kusan miliyan 4 da yaƙin basasa ya 'yanta: magidanci mai mata da 'ya'ya a karkarar Misisifi ko Karolina ta Kudu. Ba sai ka raɗa masa suna ba. A kowace shekara tambaya uku za ka yi a kansa: gonar wa yake nomawa, wa ke riƙe da bindiga a garinsu, kuma in an zalunce shi gaban wa zai kai ƙara. Kada ka yi gaggawar tambayar wace doka aka zartar a Washinton. Dokokin za su zo, amma da waɗannan tambayoyin za ka auna nauyinsu.

Ka fara da gona, ka kuma daɗe a kanta, don a ganina nan aka sha kashi tun ba a je ko'ina ba.

Ranar 12 ga Janairun 1865, yaƙi bai ma ƙare ba, Janar Sherman na rundunar Arewa da sakataren yaƙi Edwin Stanton suka zauna da shugabannin coci baƙaƙe 20 a birnin Savannah na jihar Jojiya, suka tambaye su me mutanensu ke so. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kakakinsu, Garrison Frazier, wanda shi ma tsohon bawa ne, ya ce a ba su ƙasa su noma da hannunsu, za su riƙe kansu. Bayan kwana huɗu Sherman ya fitar da umarninsa na 15, ya ware gaɓar teku daga Karolina ta Kudu har zuwa arewacin Filorida, kowane gida eka 40. Kimanin mutum 40,000 suka zauna a filayen, suka yi shuka. Alfadarin da ake yawan haɗawa da eka 40 ɗin ba ya cikin takardar, sojoji ne suka ba wasu aron dabbobin daga baya.

Sai aka harbe Shugaba Abraham Lincoln a watan Afrilu, mulki ya faɗa hannun mataimakinsa Andrew Johnson, mutumin Tenesi. Johnson ya shiga rabon afuwa ga manyan masu gonakin da suka yi tawaye, ya kuma ce a mayar musu da filayensu. A nan nake dakatar da ɗalibai in kai su tsibirin Edisto na Karolina ta Kudu, watan Oktoban 1865. Janar Oliver Howard, shugaban Hukumar 'Yantattun Bayi, mutumin da ya rasa hannunsa na dama a yaƙin, shi aka tura ya tsaya cikin coci cike maƙil ya gaya wa mutanen da suka yi noman daminar nan cewa gonakin ba nasu ba ne kuma. Daga baya wakilansu suka rubuta masa wasiƙa, a ciki ɗayansu yana tambaya ta yaya zai yafe wa mutumin da ya ɗaure shi a jikin bishiya ya yi masa bulala 39, wanda kuma yanzu ba zai bar shi ya zauna a bukkarsa ba sai ya yi masa aiki. Ɗan majalisa Thaddeus Stevens ya so a ƙwace filayen manyan 'yan tawaye a raba, amma ko 'yan jam'iyyarsa ta Rifablikan ba su bi shi ba. 'Yanta mutum suna iya yi, taɓa dukiyar mai dukiya kuwa suka ce a kai kasuwa.

Koma kan takardarka ka rubuta a layin 1866: gonar tsohon ubangidansa, ko ta wani irinsa. Abin da ya biyo baya shi ne noman kashi-mu-raba, kuma ina so ka dube shi kusa-kusa. A farkon shekara mutuminmu zai dangwala hannu a yarjejeniya. Ba shi da iri, ba shi da garma, ba shi da abin da iyali za su ci kafin kaka, don haka duk zai ɗauka bashi a kantin mai gona ko na wani ɗan kasuwa, da tsada da kuɗin ruwa, amfanin da bai ko tsiro ba shi ne jingina. In an tsinke auduga, mai gona ya ɗauki kasonsa, sau da yawa rabi, sannan a buɗe littafin bashi. Littafin yana hannun mai gona, alƙalami ma haka, shi kuwa manomin a yawancin jihohin Kudu laifi ne a koya masa karatu kafin yaƙi. Lissafi ya kan ƙare da cewa shi ake bi, sai ya sake shekara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

In ya ce zai tafi fa? Nemo dokokin da Misisifi ta kafa a ƙarshen 1865. Dole kowane baƙar fata ya riƙe shaidar cewa yana da aikin yi a kowace Janairu, in babu a kama shi da laifin zaman banza, a ci shi tara, in ya kasa biya a ba da hayarsa ga wanda ya biya. An kuma hana shi hayar gona a wajen gari. Sai ka ɗauko gyaran tsarin mulki na 13 ka karanta shi a tsanake: ya haramta bauta, sai fa in horo ne ga wanda aka samu da laifi. Ta wannan 'yar kafar aka shigo da hayar fursunoni ga masu ma'adinai da masu shimfiɗa layin dogo.

Haka za ka karanta sauran gyare-gyaren biyu, kana neman abin da ba su faɗa ba. Na 14, a 1868, ya ba da zama ɗan ƙasa da kāriya iri ɗaya a gaban doka, amma jihohi ya yi wa magana. Na 15, a 1870, ya hana a tauye wa mutum ƙuri'a saboda launin fata ko don ya taɓa zama bawa. Bai ce uffan ba a kan harajin zaɓe ko jarrabawar karatu, mata kuwa, baƙaƙe da farare, ba a ko tuna da su ba. Ja layi a ƙarƙashin wannan giɓin, za ka dawo kansa.

Wani gargaɗi kafin ka ci gaba. Za ka ci karo da tsohon labarin da ke cewa abin ya lalace ne don an miƙa mulki ga jahilai. An shafe shekaru ana koyar da wannan a makarantun Amurka, kuma ƙarya ce da waɗanda suka yi nasara suka ƙaga. Baƙaƙe wajen 2,000 ne suka riƙe muƙamai a wannan zamanin. Hiram Revels ya shiga Majalisar Dattawa daga Misisifi a 1870, Joseph Rainey ya shiga ta Wakilai daga Karolina ta Kudu a shekarar. Gwamnatocin jihohin da baƙaƙe suka shiga cikinsu su suka kafa makarantun gwamnati na kowa da kowa a yawancin Kudu, har 'ya'yan talakawan fararen fata suka amfana. An yi cin hanci, babu shakka, amma a Niyok ma ana yi a lokacin, ba wanda ya ce a ƙwace wa mutanenta ƙuri'a. Ni dai na fi karkata ga cewa an kai wa tsarin hari ne saboda ya fara aiki.

Yanzu maganar bindiga. Yi wannan ɗan lissafin da kanka: Hukumar 'Yantattun Bayi, ko a lokacin da ta fi ƙarfi, jami'anta a duk faɗin Kudu ba su wuce 900 ba. Raba miliyan 4 da 900, kowane jami'i na da mutum fiye da 4,000 a wuyansa, ga nisan tafiya a kan doki. A 1872 ma aka rufe ta. Sojojin tarayya kuwa an sallami mafi yawansu da wuri, yayin da tsofaffin sojojin tawaye suka koma gida da sanin makamar yaƙi. A Memphis, cikin Mayun 1866, an kashe baƙaƙe 46, an ƙona coci-coci da makarantu. Ƙungiyar ta'addancin fararen fata ta Ku Klux Klan, wadda aka kafa a Pulaski ta Tenesi, ba kisan kan mai uwa da wabi take yi ba: malamin makaranta take nema, da mai haɗa kan masu zaɓe, da manomin da ya fara sayen ɗan filinsa.

Kada ka tsallake 1871, don ita ke rushe hujjar masu cewa ba yadda za a yi. Shugaba Ulysses Grant ya yi amfani da sababbin dokokin majalisa, ya tura sojoji gundumomi 9 na Karolina ta Kudu, aka kama ɗaruruwan mutane, Klan ta watse. Ashe ana iyawa in an so.

Sai Colfax, a jihar Luwiziyana, ranar Lahadin Ista ta 1873. Baƙaƙe suka taru suna gadin ginin kotun gunduma bayan rikicin zaɓe, fararen fata suka zo da bindigogi har da igwa, suka cinna wa ginin wuta, suka kashe aƙalla mutum 60, da yawansu bayan sun miƙa wuya. Mutum uku kacal aka samu da laifi. A 1876 Kotun Ƙoli, a shari'ar Cruikshank, ta soke ko wannan hukuncin, tana cewa gyara na 14 gwamnatin jiha yake hanawa zalunci, ba ɗaiɗaikun mutane ba. Wato mutuminmu ya kai ƙararsa kotun jiha, inda watakila ɗan'uwan wanda ya harbe shi ke zaune cikin masu yanke hukunci. Cike layin tambaya ta uku da wannan.

Daga nan ka juya takardar ka leƙa Arewa, ka duba aljihunta. A Satumban 1873 bankin Jay Cooke ya durƙushe, tattalin arziki ya bi shi, masana'antu suka rufe. Mai neman abin sawa a baki a Fensilbeniya ba ta manomin Misisifi yake yi ba. A zaɓen 1874 'yan Dimokurat suka karɓe Majalisar Wakilai. A wannan shekarar kuma bankin ajiya na 'yantattun bayi, wanda majalisa ta kafa a 1865, ya rushe da kusan dala miliyan 3 na masu ajiya fiye da 60,000, bayan fararen da ke tafiyar da shi sun yi ta ba da rance babu kan gado. An naɗa Frederick Douglass, tsohon bawa kuma fitaccen jagoran baƙaƙe, shugabansa ana saura 'yan watanni ya faɗi, ihu bayan hari. Kuma kada ka ɗauka Arewa ta taɓa zama tsarkakakkiya: a 1867 masu zaɓen Ohayo sun ƙi yarda baƙaƙen jiharsu su yi zaɓe, a daidai lokacin da ake tilasta wa Kudu. Da gwamnan Misisifi Adelbert Ames ya roƙi a turo sojoji a 1875, ana kashe masu zaɓe a fili, amsar da ya samu daga Washinton ita ce jama'a sun gaji da wannan tarzomar ta kowace kaka.

To, yanzu ne za ka rubuta 1877. Za ka ga jihohi uku kaɗai suka rage a hannun Rifablikan a Kudu lokacin zaɓen shugaban ƙasa na 1876: Filorida da Luwiziyana da Karolina ta Kudu, kuma a kan ƙuri'unsu aka yi taƙaddama tsakanin Rutherford Hayes na Rifablikan da Samuel Tilden na Dimokurat. Hayes ya hau da ƙuri'un wakilan jihohi 185, Tilden na da 184, kuma a watan Afrilu ya umarci sojojin da ke gadin fadar gwamnati a Luwiziyana da Karolina ta Kudu su koma bariki. In ka cike takardarka yadda ya kamata, za ka ga layin wannan shekarar bai canja amsar ko ɗaya daga tambayoyin ukun ba.

Saura ka koma kan giɓin da ka ja wa layi. Baƙaƙe sun ci gaba da zaɓe a wurare da dama har bayan 1877, sai da aka bi ta hanyar doka aka ƙarasa su. A 1883 Kotun Ƙoli ta soke dokar 1875 da ta hana wariya a otal da jirgin ƙasa. Misisifi ta rubuta sabon tsarin mulki a 1890, da harajin zaɓe na dala 2 da sharaɗin karanta wani sashe na tsarin mulki ko bayyana ma'anarsa, mai rajista kuma shi zai ce an ci ko an faɗi. Babu kalmar launin fata a ciki, don haka kotu ta bar shi. A 1896, a shari'ar Plessy, ta halatta wariya muddin an ce an yi wa kowa tanadi iri ɗaya. Luwiziyana ta ƙara da nata a 1898: in kai ko ubanka ko kakanka kuna da ikon zaɓe kafin 1867, an ɗauke maka jarrabawa. Ka san kakan wa ke gonar auduga a lokacin.

A layin 1896 rubuta adadin baƙaƙen da ke da rajistar zaɓe a Luwiziyana: sama da 130,000. A layin ƙarshe, na 1904, rubuta 1,342.