Yadda ake riƙe lambun Kaka da kayan sana'arsa bayan ya rasu

Lambu bai san zaman makoki ba. Makon farko gida cike yake da masu ta'aziyya, ana ta hidimar addu'ar uku da ta bakwai, babu mai waiwayar kuɓewa da alayyahun da tsoho ya bari a bayan gida. In rasuwar ta faɗo cikin hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu lokacin da ƙasar Kumasi ke bushewa, kwana huɗu ko biyar ba ruwa sun isa su ƙone alayyahu da ayoyo ƙurmus. Don haka tun ranar da aka dawo daga maƙabarta a ware jika ɗaya, a ce masa ban ruwa aikinka ne. Kwami mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3 yana shan buta ɗaya mai lita 15 da safe, ɗaya da yamma. Kada ya cire komai, kada ya yi noma, ruwa kawai.

Kafin a taɓa ko da fartanya, a tuna cewa duk abin da mamaci ya bari na magada ne. A fiƙihun Malikiyya da muke bi a zango, jika ba ya gado muddin mamacin ya bar ɗa namiji, ko da kuwa shi ne ya fi kowa bin Kaka daji da bakin ruwa. Sai a je wurin babban gida a ce: "Baba, ina so a bar mini kula da lambun Alhaji, amfanin da ya fito a yi masa sadaka." A yi maganar gaban kawunnai da gwaggonni, kowa ya ji da kunnensa. In filin aro ne, kamar yawancin lambunan da ke gefen rafi a Aboabo, Sawaba ko Tafo, a kai wa mai filin gaisuwa da goro da wuri. Alkawarin baki da aka yi da tsoho yakan bi shi kabari in ba a sabunta ba.

Abin da ya fi komai saurin ɓacewa shi ne iri. A duba ɗakinsa: gwangwanin Milo, ƙullin tsumma, busasshiyar kuɓewa da aka soke a rufin kicin. Kada a zubar da ko ɗaya, kada kuma a haɗa su wuri guda. A kai wa matarsa tana cikin takaba, a zauna kusa da ita a tambaye ta ɗaya bayan ɗaya, wannan wace iri ce, daga ina ya kawo ta, wane wata yake shukawa. A kunna waya a ɗauki muryarta, domin bayan shekara ba wanda zai tuna wace ce mai yauƙi, wace ce ta busarwa. Sannan a gwada ko irin yana da rai: ƙwaya 10 cikin jiƙaƙƙen tsumma, a naɗe, a sa a leda da baki a buɗe, a ajiye a inuwa. A duba kullum har kwana 10. In bakwai ko fiye suka tsiro, iri ne mai kyau. In uku ko huɗu ne, a shuka shi duka a wannan damina don a sabunta shi, ajiyar wata shekara za ta kashe sauran.

Ɗibar sabon iri daga abin da ke tsaye a lambu tana da ƙa'ida. A kuɓewa, a zaɓi gindi biyar ko shida mafi lafiya, a ɗaura musu jan zare don kada mata su tsinke wa miya, a bar 'ya'yan su bushe a jikin uwar har su yi ruwan ƙasa su fara tsagewa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗibar iri daga ragowar ƙarshen kaka, lokacin da shukar ta gaji kuma cuta ta kama ta. Wani kuma, in maƙwabci yana da tasa kuɓewar kusa, ƙudan zuma kan haɗa su aure, irin ya rikiɗe a hankali. Maganinsa a ɗaure furen da bai buɗe ba da ɗan ƙyallen gidan sauro da yamma, a kwance bayan kwana biyu, a yi wa ɗan da ya fito alama. Kuɓewa tana iya barbarar kanta, ba ta buƙatar ƙwaro. Yakuwa da rama da ayoyo a yanke kawunansu da zarar sun bushe, a sa a buhu a bubbuga. Tumatir kuwa a matse ƙwayar da ruwanta a kofi, a bari kwana biyu zuwa uku ta yi tsami, a wanke, a zubar da wadda ta taso sama. Gauta sai ta nuna ta yi ja ko rawaya sosai. In an ga fakitin kanti da aka rubuta F1 a jikinsa, kada a wahala, 'ya'yan wannan iri ba sa kama da uwarsu.

Shanya a inuwa mai iska, a kan faifai ko takarda, kwana bakwai zuwa goma. Bisa kwanon rufi da tsakar rana zafi yana dafa iri. Babban abokin gaba a Kumasi laima ce, shi ya sa irin da zai shekara biyu lafiya a Bawku ko Kano yake yin fumfuna a nan cikin 'yan watanni. A zuba a kwalba mai murfin da ke toshewa sosai, a ƙara cokali biyu na tokar itace da aka tankaɗe ta huce, a rubuta suna da wata da shekara. Leda ba ta hana gara da ɓera.

Itatuwa sun fi sauƙi, sun kuma fi daɗewa. Zogale ana sare reshe mai tsawon mita 1, kaurin hannun yaro, a binne kashi ɗaya cikin uku a farkon damina, wajen Maris ko Afrilu, a wurin da ruwa ba ya kwanciya, in ba haka ba gindin ya ruɓe. Shuwaka guntun sanda ta santimita 25 a soke a karkace ta wadatar. Mangwaro ne mai rikici. In na aure ne irin su Keitt ko Kent, ƙwallonsa ba zai ba da irin ɗan da aka saba sha ba. Sai a shuka ƙwallon mangwaron gida, in ya kai kaurin fensir a yanke kansa, a tsaga tsakiya kamar santimita 3, a fere reshen bishiyar Kaka mai tsawon santimita 10 zuwa 15 ya yi kaifi ta gefe biyu, a cusa yadda ɓawo zai haɗu da ɓawo ko da ta gefe ɗaya ne, a naɗe tam da leda. Cikin mako uku ko huɗu ido zai fashe. A yi goma, don wasu za su mutu, waɗanda suka kama kuma a raba wa 'ya'ya da jikoki. Hadisin Anas ɗan Malik da ke cikin Buhari da Muslim ya ce Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ta ci, sadaka ce gare shi.

Kayan kamun kifi ba su da wuya. Birgi da koma a wanke da ruwa mai kyau, a shanya a inuwa domin rana tana cin zaren roba, a rataye nesa da ƙasa saboda ɓera. Ƙugiyoyin fatsa da suka yi tsatsa a jiƙa a ruwan lemun tsami dare ɗaya, a goge, a shafa ɗan mai. Dalmar da ke bakin birgi guba ce, kada yara su yi wasa da ita ko su sa a baki. In babu mai jefa birgin a gida, gara a ba wani abokin tafiyarsa tafkin Bosomtwe ko madatsar ruwan Barekese da a bar shi ya ruɓe a ƙusa.

Bindiga ce ba a yi wa ganganci. Lasisin bindiga a Gana na mutum ɗaya ne, da sunansa, ana sabunta shi duk shekara, kuma ba ya komawa kan magaji don kawai an raba gado. A kulle ɗakin da take. Kada wani ya ɗaga kunama don ya ga ko da harsashi, musamman harbi-ka-ruga, wadda mafarauta kan ajiye a ɗure, albarushinta kuma yana tashi ko bayan shekaru. Babban gida ya ɗauki lasisin da takardar shaidar mutuwa ya je ofishin 'yan sanda hannu rabbana, ya yi bayani, su za su faɗi yadda za a kawo ta da yadda mai so zai nemi a mayar da ita sunansa. Wanda ya gaji farautar ya sani cewa daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara an rufe farauta a ƙasar nan, in ban da gyauji da ake kira akrantie, shi ma sai da izinin hukumar namun daji. Rigar farauta da buzu da ƙaho a shanya su sau biyu a shekara, a ajiye da busasshen ganyen darbejiya saboda asu.

Da ruwan Afrilu ya zauna, a jiƙa irin kuɓewar dare ɗaya, a shuka ƙwaya biyu ko uku a rami, santimita 60 tsakanin layi, 40 tsakanin rami, a cire masu rauni bayan mako biyu. Wajen wata biyu za a fara tsinka. Ɗibar farko a ƙulla ta kashi-kashi, a aika yara gidajen tsofaffin abokansa da makarantar allo ta unguwa, su ce daga lambun Alhaji ne, a sa shi a addu'a.