Yadda shugaban ƙungiyar agaji zai amfana da mai horarwa

Shugaban ƙungiya mai zaman kanta a Kaduna yakan ɗauki nauyi shi kaɗai, domin kwamitin amintattu na jiran rahoto, masu ba da tallafi na neman bayanin kowace naira, ma'aikata kuma sun zuba masa ido a ƙarshen wata. Mai horarwa ba ya yanke masa shawara; tambayoyi yake yi masa har ya gano da kansa abin da ke tauye aikinsa.

Idan kai ne shugaban, kafin ka nemi mai horarwa, ka rubuta matsala ɗaya tak da ke damunka, misali rashin iya sakin aiki ga mataimakinka, har ta kai sai ka sa hannu kafin a sayi man motar da za ta je Rigasa.

Ka zaɓi wanda ba ya cikin amintattu kuma ba ɗan'uwanka ba, saboda da wuya ka faɗi rauninka a gaban wanda zai iya tsige ka ko ya kai maganar gida. Takardar shaidar ƙungiyar masu horarwa ta duniya, wato ICF, wadda aka kafa a 1995, alama ce mai kyau, amma a ganina sanin wahalar aikin agaji ya fi ta muhimmanci.

Ku rubuta yarjejeniya kan riƙon sirri, kuɗi da lokacin zama, kamar awa ɗaya sau biyu a wata. Ka tashi daga kowane zama da aiki guda da za ka aiwatar, sannan ka buɗe zama na gaba da bayanin yadda ta kaya.