Yadda za ka riƙe sha'awar wasan yaƙi da ƙananan sojoji a kan tebur

Duk wanda ya jima yana wasan yaƙi na kan tebur yana da wani akwati da ba ya son buɗewa, wato wanda ya tara sojojin dalma da ko ɗigon fenti bai taɓa su ba. Ga masu amfani da ƙananan mutum-mutumi, irin masu tsayin milimita 6 ko 10 ko 15, akwatin nan ya fi saurin cika, domin abin da bai wuce cikin tafin hannu ba yana iya ƙunsar sojoji ɗari biyu, kuma mutum yakan saye su cikin ɗoki ba tare da ya lissafa dare nawa zai kwashe yana shafa musu launi ba. A ganina a cikin wannan akwati sha'awa ta fi mutuwa, saboda haka maganin shi ne ka gaggauta fitar da runduna ƙarama zuwa kan tebur ta yi yaƙi, kafin gajiya ta riga ka.

Na taɓa ƙudurta kafa yaƙin Watalu na 1815 da sojoji masu milimita 6, yaƙin da Napoliyon, sarkin Faransa, ya shiga da mayaƙa fiye da 70,000. Na zauna da gilashin ƙara girma ina zana wa kowane soja ɗamara da maɓallai, har na yi mako biyu a kan bataliya guda. Ranar da na ɗora ta a kan tebur na miƙe tsaye, sai na ga babu abin da ido ke kamawa illa shuɗin layi da ɗan farin wando a ƙasansa. Zuciyata ta karye, na rufe akwatin, ban sake buɗe shi ba sai bayan watanni.

Kuskurena shi ne na auna aikina da ma'aunin masu fentin sojoji masu milimita 28, waɗanda ake ɗaukar ɗaya a juya shi a gaban ido. Ƙaramin soja kuwa daga nesa ake kallonsa, a cikin taro, don haka ka riƙa miƙa hannunka iyakar tsawonsa kana duban abin da ka yi, duk abin da bai fito a wannan tazara ba ka bar shi. Galibi ana zuba waɗannan sojoji a jere, uku-uku ko huɗu-huɗu a kan siririn ƙarfe guda. Ka manna jeri biyar ko shida a kan ɗan katako mai faɗin yatsa, ka fara shafe su da baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, sa'an nan ka bi su da launi ɗaya daga farko har ƙarshe: riga, wando, ɗigon fuska, hula, bindiga. Kada ka cike kowane lungu, domin duhun da ya rage a tsakani shi ne inuwar da ke raba hannu da jiki. Ka kuma zaɓi launi mai haske fiye da na ainihi, saboda ƙaramin abu yana shanye haske, shuɗin rigar sojan Faransa na gaskiya zai koma baƙi ƙirin a tsayin milimita 6. Idan jar rigar Ingila da farar Ostiriya da koriyar Rasha sun bambanta daga inda kake tsaye, aiki ya yi.

Inda ya cancanci ka ɓata lokaci shi ne tuta da ɗan allon da kake kafa sojojin a kai. Allo mai faɗin milimita 60 da zurfin 30 yana ɗaukar sahu biyu na dakaru, da kwamanda bisa doki, da 'yan harbi biyu ko uku a gaba, kuma idan ka zuba masa yashi mai laushi da ɗan ciyawar roba, ka kafa tuta mai lanƙwasa kamar iska na kaɗa ta, to ya zama ɗan filin daga mai zaman kansa. Wannan kallo na sahu bayan sahu shi ne dalilin da ya jawo yawancinmu ga ƙananan sojoji tun farko, kuma kowane allo da ka gama yana sabunta shi.

Sai zancen girman buri. Ka nemi dokokin wasa da ba sa bukatar babbar runduna. Dokokin De Bellis Antiquitatis, waɗanda suka fito a 1990, sun ƙayyade wa kowane ɓangare allo 12 kacal, a fili mai santimita 60 kowane gefe, kuma akan gama wasa cikin kimanin awa guda. Neil Thomas ma ya fitar da wasu dokoki a 2014 masu yanayin yaƙi iri 30, inda ɓangare ba ya wuce rukuni shida. Da irin waɗannan za ka iya gama rundunoni biyu masu gaba da juna cikin 'yan makonni, kuma ina ba da shawara ka yi dukan biyun da hannunka, domin wanda ya mallaki ɓangarorin biyu ba ya jiran sai wani ya gama nasa fentin, yana iya zaunar da aboki wanda bai taɓa wasan ba ya miƙa masa runduna. Kada ka sayi sabon abu sai ka gama wanda ke gabanka, sauran kuma ka kawar da su daga inda ido ke faɗawa.

Rabin awa kowace rana ta fi wuni guda a wata albarka. Abin da ke hana mutum zama shi ne wahalar fito da kaya da mayar da su, saboda haka ka tanadi faranti guda da buroshi biyu, da launuka biyar ɗin da kake aiki da su, da katako ɗaya na sojoji, kusa da fitila mai haske sosai, domin ciwon ido da na wuya suna korar mutane daga wannan sha'awa fiye da yadda ake zato.

Kada ka jira komai ya kammala kafin ka yi wasa. Rukunin da bai samu fenti ba, ka yanka kwali daidai girman allonsa ka rubuta sunansa. Sau da yawa kwalin nan ne zai tare gada ko ya karya mahaya dawakin abokan gaba, kuma a daren za ka ji hannunka yana ƙaiƙayin ba shi sojojinsa na gaske. In kuwa fentin riguna ya gundure ka, ka koma kan fili: koren ƙyalle da littattafai a ƙarƙashinsa ya ba ka tuddai, shuɗin tsumma ya ba ka kogi, gidaje huɗu da ba su fi kan babban yatsa ba sun zama ƙauyen da za a yi ta gwabzawa a kansa.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne ɗaura yaƙe-yaƙe a zare guda. Ka zana taswira mai garuruwa biyar ko shida, ka ba kowane rukuni suna, ka buɗe littafin rubutu inda za ka riƙa shigar da wanda ya ci da wanda ya gudu. Rukunin da aka ragargaza yau zai shiga yaƙin gobe da rauni, wanda ya yi jarunta sau uku ka ƙara masa daraja, har ka sake masa tuta. Ko kai kaɗai kana iya tafiyar da wannan, ta hanyar rubuta sunayen rukunoni a katuna ka cuɗa su, duk wanda ya fito shi ne zai motsa, ta yadda kai kanka ba ka san abin da zai biyo baya ba.

Duk da haka akwai lokacin da zuciya za ta ƙi, kuma ba laifi ba ne ka huta. Ka karanta tarihin zamanin da kake wasa a cikinsa, ka bar buroshi ya bushe. Sai dai kafin ka tashi daga farantin, ka bar katako ɗaya wanda huluna kaɗai suka rage masa, aikin minti goma, a ajiye a inda za ka gan shi.