Yadda ɗan ƙwallon ƙauye zai ci moriyar agogon zamani

'Yan ƙwallonmu na wajen Ringim da Taura a jihar Jigawa da yawa in ka yi musu maganar agogon nan mai auna bugun zuciya sai su ce ai na 'yan gayu ne, wasu kuma tsoro suke kar koci ya gane ba sa gudu a tirenin. Ni kam ina ganin duk mai buga ƙwallo ko gudun safe ya kamata ya mallaki ɗaya, amma fa sai ya san abin da zai duba.

Tun wajen saye ake fara kuskure. In ka shiga kasuwar waya ta Farm Center a Kano za ka ga kala-kala, su Oraimo da Itel da Huawei, ga kuma jabu birjik. Ka ɗora shi a kan katako ko ƙafar benci, in ya nuna maka bugun zuciya toh ajiye musu kayansu. Sannan ka ɗaura a hannu, ka taɓa jijiyar wuyan hannunka ka ƙirga na daƙiƙa 15 ka ninka sau 4, in lissafinka ya yi kusa da nasa to mai kyau ne. Ka tambayi kwana nawa cajinsa ke yi, don mu nan ba kullum ake samun wuta ba, kuma wayar cajinsa daban ce, in ta ɓata a shagon mai caji ka shiga uku.

Koren hasken da ke ƙarƙashinsa shi ke leƙa yadda jini ke gudana, shi ya sa in ya yi sako-sako ko gumi da ƙura sun rufe wajen sai ya riƙa ba ka ƙarya. Ka ɗaure shi sama kaɗan da ƙashin wuyan hannu, ya kama amma kar ya matse.

Babban amfaninsa wallahi da asuba ne. Kana farkawa kafin ka tashi alwala ka duba bugun zuciyarka ka rubuta, kullum, har sati biyu ka san naka. Na babban mutum yana tsakanin 60 zuwa 100 a minti, wanda ya daɗe yana motsa jiki nasa kan sauka har 50 ko ƙasa. Ranar da ka ga ya haura sosai a kan yadda ka saba, ko gajiya ce ko ƙarancin ruwa ko zazzaɓi ke tafe, ranar ka sassauta, musamman da bazara ko azumi ko in ka wuni a gona da yamma kuma ka ce sai ka buga. A tirenin kuma ka cire shekarunka daga 220, kusan iyakar bugunka kenan, ƙiyasi ne dai amma kar ka daɗe a can.

Ranar wasa ka cire, rafali ba zai bari ba don zai iya yi wa wani rauni, balle 'yan dambe.

Don Allah kar ka yarda da awon suga da wasu agogunan ke nunawa, a Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta gargaɗi mutane a kan agogon da ke cewa yana auna suga ba tare da huda fata ba. Awon hawan jini ma na masu araha ba abin dogaro ba ne. In kana jin ciwon ƙirji ko jiri ko zuciya na bugawa barkatai, asibiti za ka nufa ko da agogon ya ce lafiya lau.