Abin da za ka yi idan kana zargin an taɓa fayil ɗinka na asibiti a shari'ar diyyar aiki

Shari'ar ma'aikacin da ya nakasa a bakin aiki tana rataye ne a kan tambayoyi uku: yaushe raunin ya faru, aikin ne ya jawo shi ko tsohon ciwo ne, kuma me mutum zai iya yi da jikinsa yanzu. Duk amsoshin a fayil ɗin asibiti ake karanta su. Likita ya rubuta ran farko cewa ciwon baya ya taso bayan ɗaga kaya a wurin aiki. Wata uku bayan haka sai a ga an cusa "ya daɗe yana fama da shi" a ƙarshen layin. Waɗannan 'yan kalmomi sun isa kamfanin inshora ya ce babu ruwansa.

Abu na farko, ka nemi kwafin fayil ɗinka tun kafin rigima ta taso, kuma a rubuce. Ka ce kana son komai: bayanin likita, na ma'aikatan jinya, sakamakon gwaji, rahoton hoton ƙashi, takardar hutu da jerin magunguna. Ka riƙe kwafin wasiƙarka mai kwanan wata. A Amurka dokar HIPAA ta 1996 ta ba asibiti kwana 30 ya amsa, a ƙasashen Tarayyar Turai kuma dokar GDPR ta ba da wata ɗaya. Idan kwafin ya iso, kada ka ja masa layi, kada ka rubuta komai a gefe. Sake buga wani ka yi aiki da shi, na farkon ka adana shi da ambulan ɗinsa.

Ba kowane gyara ne ha'inci ba, kuma a nan mutane da yawa ke ɓata shari'arsu da gaggawar zargi. Likita yana da damar gyara kuskurensa. Ƙa'idar ita ce ya ja layi ɗaya a kan kalmar yadda za a iya karanta ta, ya rubuta daidai, ya sa hannu da ranar gyaran. Idan ƙari ne, ya rubuta shi da kwanan ranar da ya yi shi, ya nuna cewa daga baya aka ƙara. Abin da ke tayar da hankali shi ne Tipp-Ex (farin ruwan da ake shafe rubutu da shi), rubutun da aka kankare, rubutun da aka matse tsakanin layi biyu, biro iri biyu a jimla ɗaya, shafin da ya ɓace, ko bayanin da ya ambaci sakamakon gwajin da bai ma fito ba a ranar da aka ce an rubuta shi.

Hujja mafi ƙarfi sau da yawa tana wajen asibitin. Fayil yana barin 'ya'ya a wurare: wasiƙar da aka tura ka wurin ƙwararren likita, kwafin da aka aika wa inshora, rahoton haɗari da aka cike a wurin aiki, takardar magani, rasit. Jera su bisa kwanan wata, ka gwada su layi da layi. Mai gyara fayil yana iya kaiwa ga wanda ke hannunsa, amma ba ya iya kiran wanda ya riga ya fita.

Idan a kwamfuta ake ajiye bayanan, takardar da aka buga maka tana nuna yadda bayanin yake a ƙarshe ne kawai. Lauyanka ya nemi rajistar sawu, wato bayanin da manhajar ke ajiyewa na wanda ya buɗe fayil, ranar da sa'ar, da abin da ya ƙara ko ya share. Sai an ambace ta da suna, wani lokacin ma sai da umarnin kotu. Idan kuwa takarda ce, ƙwararren mai binciken rubutu yana buƙatar ta asali, domin hasken da yake bambance tawada da shi da na'urar da ke fito da shatin biro a shafin ƙasa ba sa aiki a kan kwafi.

Kada ka je ka tsare likitan ko ma'aikacin ajiyar fayil. Idan ka yi haka, ankarar da shi kawai za ka yi. Bari lauya ya fara aika wasiƙa ga asibiti, da mai aiki, da inshora, cewa a adana komai yadda yake. Wanda ya lalata shaida bayan wannan wasiƙa, kotuna da yawa suna iya ɗauka cewa abin da ya ɓoye ba zai yi masa daɗi ba. Ban da haka akwai ƙorafi ga hukumar da ke ba likitoci lasisi, sannan jabun takarda laifi ne da ake hukuntawa.

In kuskure ne kawai, nemi gyara a rubuce. A ƙarƙashin HIPAA asibiti yana da kwana 60, kuma idan ya ƙi, kana da ikon a liƙa bayanin rashin amincewarka a cikin fayil. Kai ma kada ka taɓa ko da kwanan wata a takardar hutunka, ko da likita ne ya yi kuskure. Mayar masa ya gyara da hannunsa. Kuma ka shigar da buƙatar diyya cikin wa'adin da dokar ƙasarka ta gindaya, domin binciken fayil yana iya cin watanni, wa'adin kuwa yana ci gaba da ƙirgawa.